Ganuwa Mai Ƙofa: Lacca a kan Ziyarar Masu Keɓewa a Karkara

 

Duk wanda ya shigo birnin nan na Zariya ta Ƙofar Gayan ko ta Kuyambana, in mai lura ne, zai ga ragowar ganuwa ta yi wa tsofaffin unguwanni nisa. Magabatan da suka ɗora ta sun zagaye gidaje, sun kuma haɗa da gonaki da fadamu da kududdufai da wurin kiwo, domin in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya a rufe ƙofa a ci gaba da noma a ciki. Yau gine-gine sun cinye mafi yawan wannan fili, amma niyyar maginan tana nan a rubuce a ƙasa: gari ne da aka shirya shi ya ci da kansa. Sai dai waɗannan mutane da suka iya gina katanga mai wannan kauri su ne kuma suka huda ta ta ko'ina, suka bar Ƙofar Doka da Kona da Kibo da Tukur-Tukur da Jatau da sauransu, a rufe da dare, a buɗe da asuba fatake su shigo da gishiri da kanwa, almajirai su shigo neman nahawu. Da wannan nake so in auna batunmu na yau, wato jama'ar da kan tattara ta bar gari ta koma karkara don ibada da karatu, ba wutar Nepa, ba ruwan famfo, abin da suka noma shi za su ci. Ra'ayina shi ne, lafiyar irin wannan jama'a da lalacewarta duk a ƙofarta ake gane su, ko ana shiga ana fita ko ba a yi. Saboda haka ziyartarsu haƙƙi ne a kanmu mutanen birni, kuma idan muka bar shi, su da mu duka za mu biya.

Bari mu fara da abin da baƙo zai tarar, domin da yawa daga matasan da ke zaune a nan sun san tsangaya a baki ne kawai, ko kuma sun san ɓurɓushinta da ke yawo da roba a bakin tasha. Tsangayar karkara wani abu ne daban. Bukkoki ne na kara da zana a gefen gonar alaramma, ga rumbun dawa a ɗore kan duwatsu saboda gara, ga rijiya da gugan da aka ɗinka da robar tayar mota. Da yamma kowane kolo zai dawo da ɗaurin kara ko itace, a tara a tsakiyar fili. Bayan isha'i a hura wuta, a zagaye ta, kowa ya karkata allonsa wajen harshen wutar don ya ga baƙi, karatu ya tashi kamar kukan zuma, na kusa da wuta yana gumi, na baya yana rawar ɗari. Tawadar ma ta gida ce, da gawayi da ƙaro, alƙalami kuma na gamba. Gardin da haddarsa ta yi nauyi yakan ɗauki allonsa ya nausa kiskadi, ya wuni a gindin bishiya ba mai yi masa magana. Da damina duka a sauka gona, da kaka a cika rumbu, da rani wasu su tafi ci-rani. Amma baƙo mai ido zai ga wani abu kuma a kan jinkar alaramma: ɗan faifan sola mai faɗin tire, da waya ta sauko cikin ɗaki inda ake cajin salula. Zai ga buhun takin zamani a lungu, da ledar maganin zazzaɓi a rataye jikin ƙusa. Ko wurin da ya fi ko'ina keɓewa, akwai zaren da ya ɗaure shi da kasuwa.

Dalilin da ke fitar da mutane ba abin raini ba ne, kuma malamai sun daɗe da tattauna shi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin kan ladubban keɓewa, inda ya jera amfaninta, irin su samun sukunin ibada da kuɓuta daga giba da riya, sannan ya jera abin da mai keɓewa ke asara, ciki har da koyo da koyarwa da amfanar mutane da horuwar da ake samu wajen haƙuri da su. Bai yanke hukunci ɗaya ga kowa ba. Shi kansa ya bar kujerarsa ta koyarwa a Bagadaza a 1095, ya yi kusan shekara goma sha ɗaya a gefe, daga baya ya koma karantarwa a Naisabur. A ƙasarmu kuwa, babban misali shi ne Degel. Ƙauye ne a ƙasar Gobir, nesa da fadar Alƙalawa, kuma a nan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta yi ƙarfi. Amma a duba yadda Shehu ya zauna a can. Ya fita wa'azi Kabi, ya yi shekaru a Zamfara, ya amsa kiran Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a Magami, ya ƙi karɓar dukiyar da aka ba shi, ya roƙi a bar shi ya yi kira, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Ɗalibai suna zuwa Degel daga nesa, su yi karatu su koma garuruwansu, kuma irin waɗannan ne daga baya suka riƙe tutoci, har da Malam Musa da ya zo nan Zazzau. Da Degel rufaffen wuri ne, da yau ba mai tuna sunansa. Ko hijirar da aka yi zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, tilas ce ta kawo ta bayan Sarkin Gobir Yunfa ya matsa. Haka ƙanin Shehu, Malam Abdullahi, da ya ga son duniya ya fara shiga jama'a, ya bar su a 1807 da niyyar tafiya gabas, amma da ya iso Kano mutanen garin suka riƙe shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sannan ya juya gida.

Wannan ke nan ta fuskar addini. Ta fuskar rayuwa kuwa, maganar "mun dogara da kanmu" tana da iyaka, kuma ƙasar Zazzau ta ga iyakar da idonta. A ƙarni na 19 an yi wasu mutane da ake kira Isawa, mabiyan wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano saboda abin da yake koyarwa game da Annabi Isa, suka watsu a ƙauyuka. Wajejen 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila, ɗan mishan ɗin da ke zaune cikin birnin nan tun 1905, daga nan aka kafa musu mazauni a Gimi, a karkarar Zazzau, don su zauna wuri ɗaya su yi noma su yi ibadarsu. Ba aƙidarsu ta kawo ni ba, abin da ya same su nake so mu duba. Suna da gona, suna da haɗin kai, suna da himma. Abin da ba su da shi shi ne sanin abin da ke cikin kurmin bakin rafi. Ƙudan tsando ya kawo musu ciwon barci, cikin 'yan shekaru ya yi musu ɓarna mai yawa, mazaunin ya watse, waɗanda suka tsira suka dawo Zariya, daga baya aka koma Wusasa a 1929. Wannan cuta ce ta sa a ƙarshen shekarun 1930 Turawan mulki suka fara aikin Anchau, aka sare kurmin bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyi masu siminti, aka tashi mutane aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Ilimin da ya gano cewa ƙuda ne ke ɗauke da cutar, daga waje ya zo. Rumbu yana maganin yunwa, amma ba ya maganin ƙyanda, ba ya tsayar da jinin mai haihuwa idan ya ɓalle da tsakar dare ungozoma ta yi iya yinta. Jama'ar da ta toshe hanyar da wannan ilimi zai biyo ya iso gare ta, 'ya'yanta da matanta ne za su fara biyan kuɗin.

Na san abin da ke ran wasunku, kuma ba zan kauce masa ba. Za a ce, malam, kana yi mana daɗin baki a kan masu shiga daji, ka manta Kanamma? Ban manta ba. A ƙarshen 2003 wasu matasa da suka ƙaurace wa gari suka kafa sansani kusa da Kanamma a Jihar Yobe, suna cewa sun guje wa ɓatacciyar al'umma, ba a daɗe ba suka far wa ofisoshin 'yan sanda, kuma kowa ya san abin da ya biyo baya a arewa maso gabas. Tsoron yana da tushe. Amma in daji ne ke haifar da fitina, yaya za mu yi da Maitatsine? A 'Yan Awaki ya zauna, tsakiyar Kano, ga kasuwa ga titi ga wutar lantarki, kuma rikicin Disambar 1980 ya ci rayuka fiye da dubu huɗu. Cibiyar da aka rusa a rikicin Yulin 2009 ita ma cikin Maiduguri take. Abin da ya haɗa waɗannan da Kanamma shi ne sun kafirta wanda ba nasu ba, sun yanke mabiyansu daga iyaye da malaman gari, sun mai da unguwarsu wurin da baƙo ba ya shiga sai da tsoro, na ciki kuma ba ya fita sai a guje. Ana iya gina wannan a tsakiyar birni, ana iya gina shi a dokar daji. Tsangayu nawa ne a ƙauyukan Kano da Jigawa da Katsina da nan Zazzau da suka shekara aru-aru suna yaye mahaddata, ba su taɓa ɗaga wa kowa sanda ba? Ba a jin labarinsu ne saboda zaman lafiya ba ya shiga rediyo.

Darul Islam ta kusa da Mokwa a Jihar Neja ita ce ta fi dacewa mu tsaya a kanta, domin a nan ne rashin sanayya ya nuna illarsa ta fuska biyu. Tun 1993 mutanen suke zaune a wurin, suna noma, suna karantar da 'ya'yansu da kansu, har suka kai dubu uku zuwa huɗu. A watan Agustan 2009, makonni kaɗan bayan rikicin Maiduguri, 'yan sanda suka zagaye su, aka kwashe su, aka tantance su, aka mayar da kowa jiharsa ta asali. Rahotannin lokacin sun nuna ba a sami makamai a wurinsu ba. Ni a ganina kowane ɓangare yana da nasa laifin. Su sun zaɓi su ja jiki daga sauran musulmi har aka rasa mai tsaya musu ya ce na san su, na ci tuwonsu, na ji abin da suke karantarwa. Al'umma kuma ta bari shekara goma sha shida suka wuce ba ta ƙulla da su irin sanayyar da za ta sa, ranar da hankali ya tashi, a bambance mai haɗari da wanda kawai ya gaji da birni. Da tsoro ya zo, sai aka yi musu kuɗin goro. Kuma watsa mutum dubbai da aka raba da gonakinsu, kowa da ɓacin ransa, ba ya kashe aƙida in akwai ta. Yayyafa ta yake yi a wurare da yawa inda ba mai sa ido. Da malamai sun riƙa zuwa suna zama da su ana buɗe littafi, da ko dai an gyara abin da ya karkace tun yana ɗanye, ko kuma an sami shaidun da za su hana a zalunce su.

Akwai masu suka ta wata fuskar, kuma su na fi jin nauyinsu, domin galibi mutanen kirki ne. Suna cewa, mutum ya gudu daga hayaniyarku, ku kuma bi shi da ita? Gaskiya ne ziyara tana canza wuri. Shehu Ahmadu Bamba ya kafa Tuba a ƙasar Senegal a 1887 don ya sami wurin kaɗaita da Ubangijinsa, almajiransa suna noman gero da gyaɗa. Yau Tuba tana cikin manyan biranen ƙasar, kuma miliyoyin mutane ke cika ta a taron Magal kowace shekara. Shirun da ya je nema ya tafi. To amma abin da wannan ke nunawa shi ne a yi ziyara da ladabi. Akwai bambanci tsakanin wanda ya je ya yi sallama daga bakin danga, ya jira a yi masa iso, ya cire takalmi, ya miƙa goronsa ko turmin yadi ko kwalin sukari, ya ci abin da aka ajiye masa, ya bi jam'i a bayan limaminsu, da wanda ya diro daga mota da waya a ɗage yana ɗaukar yara masu yagaggun riguna don ya watsa a TikTok a tausaya ko a yi dariya. Na biyun nan farauta ya je yi. Haka ɗan siyasar da ba ya tuna hanyar tsangaya sai zaɓe ya matso, ya kai buhun shinkafa a yi masa saukar Alƙur'ani. Irin waɗannan ne suka sa alarammomi da yawa suke ɗari-ɗari da duk wani mai takalmi sau-ciki, kuma ban ga laifinsu ba.

Inda ba zan sassauta wa masu keɓewa ba shi ne batun yara da mata. Babba ya zaɓi talauci da zaman bukka don neman lahira, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma wataƙila ya fi mu riba. Yaro ɗan shekara bakwai bai zaɓi komai ba. Saboda haka mai ziyara, bayan gaisuwa da neman addu'a, akwai abin da ya kamata idonsa ya nema ba tare da ya ci fuskar kowa ba. Ya dubi bakin rijiya, ko a ɗaure yake ko kwatami na komawa ciki. Ya dubi kan yara da fatarsu, ko ƙazuwa da makero sun cinye su. Ya ji ko masu rigakafi suna isowa, in sun iso ko ana karɓarsu. Ya ji ko uban da ya kawo ɗansa yana iya zuwa ya gan shi duk ranar da ya so, ko gardin da ya ce zai koma gida ana sallamarsa da addu'a ko ana kiransa wanda ya yi ridda. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ma'auni mafi kaifi da na sani. Cikin gida kuwa namiji baƙo ba zai shiga ba, don haka dole mata su kasance cikin masu zuwa. Ba sabon abu nake kawowa ba. Nana Asma'u, wadda a Degel aka haife ta, ta tsara 'yan taru, inda jaji ke jagorantar matan ƙauyuka su zo wurinta su ɗauki karatu su koma da shi. Hanya ce mai zuwa da dawowa tsakanin birni da karkara, kuma mata ne suka riƙe ta.

Saura magana mafi ɗaci, ita ce ta tsaro. Wani zai ce, wa zai kama hanyar daji yau, ga abin da ya faru a yankin Giwa da Birnin Gwari? Ba zan ce kowa ya jefa kansa cikin halaka ba, kuma akwai wuraren da a yanzu ba sa shiguwa. Amma a tuna, wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda ke kwana a can. A watan Mayun 2021 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da ɗari daga wata Islamiyya a Tegina, suka riƙe su kusan wata uku, kuma wannan cikin gari ne. Ina ga bukkokin da ba su da ko danga mai ƙwari? Sannan ga ɗaya haɗarin, na wanda ke kallo daga nesa. A daren 3 ga Disambar 2023, jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu taron Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi, mutum aƙalla tamanin da biyar suka rasu, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskure ne. Daga sama, taron masu yabon Annabi da taron 'yan bindiga duk ɗigo-ɗigo ne a kan allon na'ura. Abin da ke raba su shi ne a sami wanda ya san wurin, ya san ranar taronsu, sunan malaminsu yana cikin littafin dagaci da na hakimi, kuma wani a birni zai iya ɗaga waya ya ce waɗannan mutanenmu ne. Jama'ar da ba wanda ya san da ita, ɓarayi za su same ta ba mai kawo ɗauki, hukuma kuma za ta iya ɗaukarta a matsayin ɓarayin.

Don haka roƙona ga malamanmu na unguwannin Kona da Juma da sauran zaurukan birnin nan, waɗanda ɗalibansu suka bazu a ƙauyuka tun kaka da kakanni: kowane zaure ya san inda almajiransa suka kafa tsangaya, ya riƙa tura wakili ko sau biyu ne a shekara, bayan girbi da kuma kafin azumi, da malama mace a cikin tawagar, da wani mai ilimin lafiya ko da ɗalibi ne daga asibitin Shika. Iyayenmu hakimai da dagatai su rubuta sunan kowace tsangaya da ke ƙasarsu da adadin yaran da ke cikinta. Alarammomin da wannan magana za ta isa kunnensu kuma, Allah ya gafarta malam, idan mun zo mun yi sallama, a amsa mana, a ba mu tabarma.